Amanar Sambo a Ƙarƙashin Kujera

Na daɗe ina sayar da abinci a but ɗin motata, a filin da direbobin tasi ke jiran layi a tashar jirgin sama ta JFK, a Amurka. Direba kuwa sai Allah: ya cinye tas ya ce gishiri ya yi yawa, gobe ya dawo ya ce a ƙara masa miya. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini ƙorafi ba, Malam Hambali, mutumin Maraɗi, dogo siriri mai furfura a gemu. Shi ne mai wankan gawa a masallacinmu na Bronx. Takardunsa rabi da rabi ne, an yarda ya yi aiki, amma in ya fita ƙasar ba dawowa. Ko da mahaifiyarsa ta rasu, ta waya ya ji.

Motar da yake ja ta gareji ce, su biyu suke karɓa-karɓa da wani Ba'indiye mai suna Shambu. Bakin Bahaushe bai iya wahala ba, sai muka mai da shi Sambo, shi ma ya amsa. Hindu ne, ba ya cin nama, garau-garau nake zuba masa da mai da yaji. Ba mata, ba ɗa, ba wani nasa a Amurka. Wajen la'asar suke musayar makulli a gindin motata, su ci abinci a tsaye.

Wata rana Hambali ya tambaye shi sunan garinsu. Sambo ya ce a taswira Varanasi ne, tsofaffi na cewa Banaras, amma sunan asali, wanda ake faɗa da ladabi, shi ne Kashi.

Direbobi suka kwashe da dariya, har wani ya ƙware. Hambali ya riƙe ciki yana cewa, “Kashi? Sambo, garinku ke nan? Subhanallahi, mi ya yi zahi!” Na daka musu tsawa, na ce wanda zai yi maganar masai ya bar mini gaban tukunya. Da aka fassara wa Sambo abin da kalmar ke nufi da Hausa, murmushi kawai ya yi, ya ce a wurinsu ma'anarta haske.

Daga ranar tsokana ta samu gindin zama, shi kuma Sambo ya samu masu sauraro. Ya ce garin yana cikin mafi tsufa a duniya, shekaru dubbai mutane na zaune a bakin kogin Ganga, suna sauka ta matattakalar dutse su yi wanka da asuba. Garin Shiva ne, abin bautarsu. Sarakuna sun rushe wuraren ibadar, wasu sun sake ginawa, ga masallatai nan ma, ga Musulmi masaƙa unguwa guda. Akwai wurin ƙona gawa a bakin ruwa, wutarsa sun ce ba ta taɓa mutuwa ba. A imaninsu mutum yana mutuwa a sake haifarsa, ya sake shan wahala, ba iyaka, sai wanda ya mutu a Kashi, shi ya huta ke nan. Shi ya sa tsofaffi ke zuwa su kama ɗaki su zauna jiran ajali. Wanda bai samu haka ba, ko tokarsa a kai a zuba a kogin.

Nan Hambali ya daina dariya. Ya ce kakarsa ta je Hajji tana roƙon kada Allah ya dawo da ita, a binne ta a Baƙi'a. Ta dawo lafiya lau, ta yi wata guda ba ta yi wa kowa fara'a ba.

Sai annobar korona ta zo. Jirage suka tsaya, filin ya zama kufai, Hambali ya koma daga wannan gawa sai waccan. A cikin wannan hali asibiti ya kira shi: Sambo ya mutu, kuma sunansa ya bayar a matsayin nasa. Kafin a sa masa na'urar numfashi ya bar masa saƙon murya da Turancinsa mai karkarwa, yana cewa ɗan'uwana, a ƙone ni, ka kai ni Kashi.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana lallaɓa gawa kamar jariri, shi aka ce ya ba da izini a sa ta a wuta. In ya ƙi, sai ramin gayya da ake zuba waɗanda ba su da kowa. Ya kira ni yana kuka. Na ce masa ni ba malama ba ce, amma na san amana ba ta tambayar addinin mai ita. Ya yarda. Matarsa Ramatou da ta ji ta yi kwana da kwanaki ba ta ce masa uffan ba, don haka da aka miƙo masa ɗan akwatin tokar bai ko nufi gida da shi ba, bai kuma gaya mata ba.

Ni kaɗai ya nuna wa, bayan an buɗe gari. Ya sauya masa mazubi, ya ciro ledar tokar daga akwatin, ya naɗe ta a ragowar likkafani, ya ɗaure ta sama da ƙasa yadda ya saba, ya cusa ƙarƙashin kujerarsa ta mota.

“Hajiya, ashe ba toka ba ce,” in ji shi. “Na duba. Ƙashi ne aka niƙe. Shekara nawa ina yi mishi dariya, ga shi ƙashi nai ya zo hannuna.”

Tunda shi ba zai iya fita ba, sai ya shiga roƙo. Duk Ba'indiyen da ya ɗauko zuwa filin jirgi, sai ya karanta masa labarin. To wane mai hankali zai karɓi ƙunshi daga hannun baƙo a bakin jirgi? Wasu su ba shi haƙuri, wasu su tsorata, wata ma ta kai ƙararsa gareji. Wani limaminsu a Queens ya ce masa duk ruwa ɗan'uwan Ganga ne, ya je bakin teku ya zuba, ya wadatar. Na ce masa ka ji, mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, ka sauke nauyin nan ka huta.

“Non, Hajiya. Bai ce teku ba. Kashi ya ce. In papier na, takardun nan, sun hito, da ƙahwata zan tahi.”

Haushi ya kama ni, na ce taurin kansa zai kashe shi. Shekaru suka wuce, takardu shiru, shi kuma kullum yana yawo da Sambo a gari kamar dai har yanzu suna karɓa-karɓa.

A bara na tafi Ohio wajen ’yata da ta haihu. Ina can jini ya buge Hambali, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Kafin in dawo ya cika, an binne shi a New Jersey, ƙasar da bai taɓa so ba. Na je gaisuwa, na zauna kusa da Ramatou, na ce ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Na tambaye ta ko ya samu yin magana.

“Yaya, kalma guda ta rage mishi,” ta ce. “Kashi, kashi. Mu kira nurse a kawo abin bahaya, ya ture, ya yi ta hawaye. Muka ce ko ƙashi nai ke ciwo, muka yi ta matsa mai ƙahwahu. Har ya cika shina hwaɗi.”

Na miƙe tsam. Ban jira addu'a ba, na ɗau mayafi sai gareji. An riga an ba wani direba motar, Kwabena, mutumin Kumasi da ya tashi a zangon Hausawa. Na tambaye shi ko ya ga wani farin ƙunshi ƙarƙashin kujera.

“Ei, Hajia! Kin san da shi? Na buɗe, na ga toka da guntun ƙashi cikin likkafani. Wannan ai juju ne, shi ya ka da tsohon nan. Ko da hannu ban sake taɓa shi ba, da sanda na tura shi garbage.”

Na ce yaushe? Ya ce tun satin da ya wuce. Na leƙa ƙaton mazubin sharar duk da haka, babu komai sai kwalin mai da ruwan sama.

Ban zagi Kwabena ba, ko ni na tsinci abin nan ban san labarinsa ba, abin da zan yi ke nan. Ramatou ma ban gaya mata ba. Har yau in muka haɗu a masallaci takan riƙe hannuna ta ce Allah ya sa ciwon cikin nan da Malam ya sha ya zame masa kaffara. Nakan ce amin.