Zauren Kakanmu a Garwa

Mun tashi da asuba daga Tcholliré, mu biyu da maƙwabcina, a wata tsohuwar bas da ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan hanya ma sun ƙaru, sai da muka hau kwalta muka samu sauƙi. A Ngong muka karya da ƙosai da shayi, mai shayin na yi mana Fillanci, muna mayar masa da Hausa, kowa ya gane.

Goggona ce ta sa na taho. Za a faɗaɗa titin tsohuwar unguwarmu a Garwa, a ja lambatu, kuma zauren da kakanmu ya gina da ƙasa ya shigo cikin layin. Mutanen unguwa sun yi ta zarya a ofis har aka yarda: in ginin na da lafiya, za a karkata lambatun a bar shi. A ranar ne injiniya zai zo dubawa.

Muka haye gadar Binuwai da hantsi, zafi ya tare mu. Gaskiya garin ya yi kyau. Tituna sun buɗe, ga fitilu, ga benaye a unguwar Roumdé Adjia inda na san rumfunan kara. Ni ba na cikin masu kukan a bar komai yadda yake, na san yadda ruwa ke kwana a lungunmu da damina.

Na isa da ƙwarin gwiwa, har da ɗan taƙama. Shekarun baya ni na aiko da siminti aka shafe zauren ciki da waje, don Goggo ta huta da neman mai yaɓe kowace shekara. Sumul yake, har da fenti.

Injiniyan, mutum mai sanyin magana, ya zaga yana ƙwanƙwasa bangon da ɗan makulli. A gefen gabas sai ya yi ƙara kamar an bugi ƙwarya. Ya sa yatsa a wata tsaga, simintin ya ɓalle faifai guda. Ƙasar ciki jiƙe take sharkaf, tana zuba.

"Wa ya sa wannan?" ya tambaya. "Ginin ƙasa yana shan ruwa ya bushe. In ka rufe shi da siminti, ruwan ba ya fita."

 Goggo ta riga ni, ta ce, "Damina ce, ɗan nan. Bara ta yi yawa." Ko kallona ba ta yi ba.

Injiniyan ya ce ba zai iya sa hannu a kan bangon da zai faɗo wa mutane ba, sai dai a rushe zauren. Ban ga laifinsa ba. Goggo ta roƙi abu ɗaya, a bar mata ƙyauren, aka ce to. Ni da maƙwabcina muka cire shi da la'asar, muka jingina a ɗakinta.

Washegari muka juyo, ban ci komai a hanya ba. Na tafi da shirin yin faɗa da masu katafila, na dawo na san tsohon gini ba ya son a huta da shi, hannu yake so duk shekara. Ina shiga gida Goggo ta kira ni a waya, ta ce ta manta ba ta yi mini godiyar simintin ba, ta yi shekara huɗu ba ta ɗauki kwaɓi ba.