Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Jama'a, yau na ji muryar Baba, shekara shida bayan rasuwarsa.

Kun san rigimarmu da Kawu Sani kan iyakar gonar Baure. Da safe mahaifiyarmu ta ce, "Ai babanku ya taɓa naɗar bayanin iyakar da muryarsa a kwamfuta." Na kinkimo ta na kai wa Lawal mai gyara.

Ta tashi lafiya lau! Na miƙa masa filashi ya kwafe mana. Ya soka, shiru. Ya canza wani, shiru.

Ya ce, "Malam, manhajar nan ta girmi filashinka, ba ta san shi ba. Haɗa su ba aikin yau ba ne."

Na ce, "To kunna mu ji."

Sai ga Baba, har da gyaran murya: "Iyakar ta tashi daga tsamiya, ta bi..."

Fat! Hayaƙi ta baya, allo ya yi baƙi.

Lawal ya dafe kai. "Ba ka naɗa da waya ba?"

Wallahi wayar na hannuna, amma ni kuka nake yi.

Gobe za mu zauna gaban mai gari. Tsamiya uku ce a gonar nan!