Gadon Bakin Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya uwata ta yi tana goge ƙasa a ɗakin mata na babban asibiti. Ba nas ba ce, ko allura ba ta iya riƙewa ba, amma bokitinta da mofarta ta goge ƙasa sun riga likitoci da yawa shiga ɗakin nan, shi ya sa kowa ke ce mata Iya Bokiti. Ni kuwa a makaranta idan aka tambaye ni aikin Mama, sai in ce a asibiti take in ja bakina, mai son ya ɗauka nas ce ya ɗauka. Kun ga ashe ƙaryar tawa ba yau ta fara ba.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin. Na ƙarshe yana bakin ƙofa, kusa da teburin nas, da koren labule. Duk wadda aka ga ta kusa tafiya can ake mayar da ita, don a fita da ita ba tare da an ratsa ta gaban sauran ba. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma duk ma'aikacin ɗakin ya sani.

Mama mace ce mai faɗa a kan aikinta. Ka taka mata jiƙaƙƙen wuri, ko kai waye sai ka ji a jikinka. Amma idan ta zo wajen wadda ta ga alamar tafiya a tare da ita, sai ta sauya. Ta rage hannu, ta ajiye bokiti a hankali kada ya yi ƙara, ta matse mofa da hannu, tana rera waƙar sujada can cikin maƙogwaro. In marar lafiyar na son magana, sai ta jingina da sandar mofar ta saurara. Takan ce mutum na iya gaya wa mai shara abin da ba zai gaya wa 'ya'yansa ba, don mai shara ba za ta toshe masa baki ba. Haka ta koya wa Doguwa, matar da ta gaje ta a aikin lokacin da ta yi ritaya.

A gida kuma ta sha gaya mana, tana wanke-wanke ko tana tsefe kai, cewa idan lokacinta ya yi kada mu bari a zura mata bututu a wuya. Ta gani da idonta, ba ta so. A kai ta ɗakinta na gida, a buɗe taga, a karanta mata Zabura, Fasto ya kawo mata jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin nan na coci. Ni da Yayana sai mu ce haba Mama, a daina kiran mugun abu da baki. Ta ce mutuwa ba mugun abu ba ce ga mai bi, mu dai muka ƙi ji.

Shekara huɗu da ritayarta ta fara ramewa, idonta ya yi ɗorawa. Aka kwantar da ita a ɗakin da ta goge duk rayuwarta, gado na huɗu. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira ni da Yaya ofishinsa. Ya ce ciwon daji ne, ya cinye hanta, ya wuce inda za a tare shi, makonni ne suka rage. Ya ce za mu iya kai ta gida da maganin rage zafi, ko ta zauna, in numfashi ya gaza a sa ta a na'ura, amma na'urar ba za ta warkar da ita ba.

Yaya dattijo ne a cocinmu. Ya ce likita ya faɗi nasa, Allah bai faɗi nasa ba tukuna. Ni ce mai jan addu'a a zumuntar mata, muryata ta fi tasa ƙarfi. Na ce kai ta gida kamar mun ce Allah ya gaza ne, kuma me za a ce da mu a coci? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce gaskiyar abin, yau ina faɗa da kunya. Muka yanke cewa ba za a gaya mata ba. Za mu ce mata gyambon ciki ne, shi ke nan.

Na bi nas-nas ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Babbar Sista, wadda suka yi aiki tare shekara ashirin, ta dube ni ta ce Iya Bokiti nake so in ɓoye wa abin da ke faruwa a ɗakin nan? Na ce ita dai kada ta kuskura ta mayar da ita gadon bakin ƙofa. Ta girgiza kai ta bar ta a na huɗu. Fasto ya ce zai zo da jibin Ubangiji, na tare shi a baranda na ce ya bari sai ta tashi ta zo ta ci da ƙafarta. Na koma ciki ina jin kaina mai dabara, na toshe kowace kafa.

Mai shara ce kawai ban tuna da ita ba. Da ma ina na taɓa tuna su?

Wata safiya ina yanka mata lemo, Doguwa ta shigo da bokiti. Ta goge gado na ɗaya zuwa na uku fuu-fuu, tana korar masu dubiya. Da ta iso namu sai ta ajiye bokitin a hankali. Ta matse mofa da hannu. Na ji waƙa tana fitowa daga maƙogwaronta. Ni ban fahimci komai ba, sai da na ga Mama tana kallon hannun matar, har da ɗan murmushi, irin na malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa.

Da ta wuce, Mama ta kama hannuna.

"Auta, ki kai ni gida."

Na ce, "Za ki warke cikin sunan Yesu, Mama. Da ƙafarki za ki koma."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Amin," ta saki hannuna ta juya fuska wajen bango.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, numfashinta ya sarƙe. Likita ya miƙo takarda ya sake tambaya ko mun tabbata a sa ta a na'ura. Yaya ya kasa sa hannu. Ni na karɓi biron na sa hannu. Suka kai ta ɗakin na'urori, suka zura mata bututun nan da ta roƙe mu shekara da shekaru. Kwana tara ta yi a can, minti goma ake barinmu mu shiga, babu taga, babu magana. Idonta a buɗe yake wani lokaci, ni ce na kasa haɗa ido da ita. Ranar Talata da azahar ta huta, muna waje a kan benci muna azumi.

Bayan jana'iza da mako guda Doguwa ta zo gida da rana, da kayan aikinta a jaka. Na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma. Ta ce tana da saƙo. Ashe a kwana ukun nan, duk safiyar da na fita ɗebo ruwan zafi, Mama takan kira ta, ita kuma ta jingina da mofa ta saurara.

Ta lissafo saƙonnin, ba ta manta ko ɗaya ba. Littafi Mai Tsarki nata a ba jikarta ta fari. Yaya ya je ya shirya da ƙanin babanmu, gabar ta isa haka. Waƙar da take so a yi mata a kabari, wadda ba ita muka yi ba, don ba mu tambaya ba. Mama ta ce wai ba ta jin tsoro ko kaɗan, ɗakinta kawai take marmari, ta ga hasken safe ta tagarta sau ɗaya.

Na tambaye ta ko waƙarta ce ta tona mana asiri. Ta ce ita ma ta tsorata da haka, ta nemi gafara, Mama ta yi mata dariya.

"Ta ce in gaya miki tun ranar da kuka fito daga ofishin likita ta sani. Wai tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin ɗaga murya. Ta ce ta ga kina ta wahalar riƙe maganar, shi ya sa ta taya ki riƙewa."

Doguwa ta tashi ta ce za ta makara, ita ke da aikin yamma. Na raka ta har bakin titi, na dawo na buɗe tagar ɗakin Mama. Har yau ban koma jan addu'a a zumunta ba, a bencin baya nake zama.