Farar Ƙasar Seu Valdemiro

A garinmu Laguna da ke bakin teku, duk gidan da ya kai shekara saba'in, hannun Seu Valdemiro ya taɓa bangonsa. Tun yana saurayi yake toya farar ƙasa a bakin ruwa. A haƙo katantanwar teku daga babban tudun nan na bayan gari, a jera ta da itace cikin matoya, kwana uku wuta na ci. Idonsa na hagu ma hayaƙin ne ya cinye shi. Da gwamnati ta hana haƙar tudun, sai ya koma kamun kifi, yana ta zagin mutanen birni.

Yana da shekara tamanin da biyu aka ce matoyar ta zama kayan tarihi. Wata mai binciken tarihi, Dona Marilda, ta zo ta ɗauke shi ya nuna mata da abokan aikinta yadda ake aikin. Ni maƙwabcinsa ne, na raka shi, matarsa Dona Zulmira na biye da mu.

Gefen tudun suka buɗe rami. Muka leƙa. Ƙwarangwal ɗin mutum ne kwance a naɗe, gwiwa a ƙirji, da sarƙar haƙoran kifi a wuyansa.

"Baba, tudun nan maƙabarta ce," in ji Dona Marilda. "Shekara dubbai suna nan."

Seu Valdemiro ya cire hularsa. "Ƙashi kam mun sha gani. Mai matoyar cewa yake na dabbar teku ne, mu zuba kawai."

Dona Zulmira ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Miro, ɗakinmu fa? Cocin fa? Ashe da mutane ka shafe mana bango, mai ido ɗaya kawai!"

Ya zauna a ƙasa daɓas.

Ranar ta kwashe kayanta zuwa gidan ƙanwarta, ta yi wata biyu. Shi kuwa ya ɗauki wuƙa zai kankare bango, sai ya tsaya: ina zai zubar da garin farar ƙasar? Ya je wajen limamin coci, aka yi addu'a a bakin matoyar, rabin gari ya fito.

Daga baya ya karɓi gadin tudun. In baƙi suka fara dariya da ɗaukar hoto, sai ya buga sandarsa a ƙasa. Bai ƙara yarda an kunna ko sigari a wajen ba har ya rasu.