Ƙyauren Baba da Ruwan Komadugu

Ni dai tun ina yarinya ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, Diffa kuwa ta ƙara lalata ni. A ƙarshen shekarun casa'in aka yi mana afektasiyo, wato canjin wurin aiki, daga Maradi zuwa can, ni ungozoma, maigidana malamin makaranta. Ranar da mota ta sauke mu, bayan tafiyar da na ɗauka ba ta da ƙarshe, na dubi yashi, na dubi maigidana, na kira shi yadda ake kiran malaman makaranta a wajenmu, na ce, "Mushe, laifin me muka yi wa gwamnati?" Rabin akwatunana ban ma kwance su ba, wai don kada in sha wahalar ɗauri in takardar komawa ta zo.

Ba mu daɗe ba Inna ta rasu a gida, na je na taho da Baba. Kafinta ne, tun yana saurayi yake aikin katako, bencin majami'u da yawa na ƙasar Maradi daga hannunsa suka fito. A hanya na lura yana karo da abin da ke gefensa, sai na tsaya da shi a Zinder wurin likitan ido. Likita ya ja ni gefe ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, magani zai rage mata sauri kawai. Ganin zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe. Na ce, "Zuwa yaushe?" Ya ce in dai akwai abin da tsohon yake so ya gani, a nuna masa bana.

Mu Kirista a Diffa lokacin ba mu da yawa, kuma kusan dukanmu baƙi ne: sojoji, jandarmomi, malaman makaranta, da 'yan kasuwa kaɗan daga Najeriya. A rumfar zana muke sujada, cikin gidan wani soja. In Fasto ya ce a kawo roƙon addu'a, abu ɗaya za ka ji, kowa Allah ya maida shi yamma, can garinsu. Ni ce kan gaba wajen cewa amin. Duk da haka an samu fili a bakin gari, an ce za a gina majami'a. Baba na jin wannan ya ɗaga hannu ya ce shi zai yi ƙyaure.

Ko tubali ɗaya babu, ya sa aka sayo masa katakon maɗaci daga ƙetaren iyaka, ya shimfiɗa a ƙarƙashin itacen dogon yaron gidanmu. Na ce, "Haba Baba, ko cikin ba a samu ba, kai har ka fara ɗinkin hular jariri?" Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ɗiyata, haikalin Urushalima haka aka yi shi. Can wurin haƙa ake sassaƙe dutse a gama, a kawo shi ya zauna daram inda aka auna masa. Ba a ji ƙarar guduma a wurin ginin ba. Ku ba ni faɗin ƙofa da tsayinta, sauran ku bar ni da shi." Ya ce ƙyamaren haikalin da itatuwan dabino da furanni aka yi musu ado, shi ma haka zai yi nasa. Aikinsa na ƙarshe ke nan, ya sani, na sani. Abin da ya roƙi Ubangiji ɗaya ne, ya ga ƙyauren a rataye da idonsa.

Daga ranar na rasa sukuni. In ina ɗakin haihuwa hankalina na gida, in ina gida hankalina na filin majami'a. Kullum da safe in ɗiga masa magani, in ɗaga yatsu daga gefe in ce, "Baba, kana ganin hannuna?" Da fari yakan ce e. Can sai ya fara juyo da kai gaba ɗaya kafin ya amsa. Ni kuwa in fita kamar wadda aka koro, in tare Fasto, in tare dattawan ikilisiya, yaushe za a fara, me ake jira. Har matar Fasto ta fara cewa ba ya nan tun kafin in yi sallama.

Maganar da Baba ya yi ta dutsen da ba a ji ƙararsa ba ta kai kunnen Fasto, ta yi masa daɗi, ya yi wa'azi a kai. Amma mu da muke zaune a benci wani abu daban muka ɗauka. Da ma muna ɗari-ɗari da mutanen gari. Ba wanda ya taɓa ce mana kanzil, mu ne dai da tsoronmu na baƙi. Sai muka ce ai ga shi nan a Littafi, aikin Allah shiru ake yinsa. Aka yanke shawara a buga tubali can nesa a bakin kogin Komadugu, ba a gaya wa kowa ba, in ya bushe a kwaso da amalanke, mutane su wayi gari kawai su ga gini ya tashi. Wani jandarma ya samo wani kwari gaba da gonakin tattasai, laka mai kyau, ga ruwa kusa, ba mai noma wurin. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa ba a noma shi.

Mu mutanen Maradi abin da muka sani shi ne gulbi da damina yake zuwa, da damina yake tafiya. Ruwan sama na ɗaukewa, sai yashi. Saboda haka damina na wucewa muka ce lokaci ya yi. Duk Asabar, da duk yammacin da aka samu sarari, maza na taka laka, mata na jido ruwa, sojoji na buga tubali a jere kamar fareti. Ni da ban taɓa riƙe shebur ba, tafin hannuna ya yi kanta. Kogin na nan gefe yana tafiyarsa a hankali, muna ganinsa, muna cewa gobe-jibi zai janye. Tubali ya cika kwarin, ya fara yin fari a rana. Na dawo gida na ce wa Baba kafin Kirsimeti zai ga ƙyaurensa a bango.

Shi kuma yana can yana fama. Ya daina amfani da ido sosai, sai yatsa. Ya shafa, ya sa ƙarfe, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya sake shafawa. Ya kan ce wanda ya cika masu aikin haikali da hikima bai ba su don a yabe su ba, ko bayan ƙyaure da ba mai dubawa sai an goge shi sumul, don Mai gidan yana gani. In ce, "To Baba, Mai gidan ya gani, ka yi sauri." In wuce. Ban taɓa tsayawa kan aikin ba, kullum da mayafi a hannu nake ratsa shi.

Wata Asabar cikin watan Nuwamba muka tafi da amalanke biyu don fara kwasa. Sama tas, ko ɗigon girgije babu, rabon mu da ruwan sama an yi makonni. Muna hawa tudun da ke gaban kwarin, sai na ga jandarman nan ya tsaya cik. Babu kwari. Ruwa ne shimfiɗe har gindin itatuwa, yana walƙiya, tsuntsaye na iyo a kai. Na tuɓe takalmi na shiga har gwiwa, na sa hannu, na damƙo laka. Tubalinmu ke nan. Na juyo na fara faɗa, da jandarma, da Fasto, da kogin, har da masu amalanke da ba su san hawa ba balle sauka.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne Babarbare, babban manomin tattasai, rufin gidansa ja wur in lokacin shanya ya yi. Ni na karɓi haihuwar jikokinsa biyu. Ya gan ni na dawo zane jiƙe, ido jajir, ya ce, "Madam, lafiya?" Na gaya masa, don ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce ruwan Komadugu daga can cikin Najeriya yake tasowa, a hankali yake tafiya, sai damina ta wuce yake cika, kuma bai ma gama hawa ba. Tubali sai da rani. Bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ransa ne ya ɓaci. Ya ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Matan gidana na buɗe miki cikinsu, ke kuma kin ɓoye mini tubali?"

Baba na zaune kan katakonsa, duk ya ji. Da na shigo ya ce, "Mun karanta rabi mun bar rabi. Sarkin da ya gina haikali bai ɓoye wa maƙwabcinsa ba. Aika masa ya yi, ya roƙi itace, ya roƙi gwanin aiki, alhali ba su yi sujada wuri ɗaya ba. Shirun ginin haikali na gwaninta ne, namu na tsoro ne." Na ce, "Baba, ni ba wa'azi nake so ba. Rani fa! Idonka zai kai rani?" Ya ce, "A'a." Haka kawai, kamar an tambaye shi ko ya ci abinci.

Washegari na shiga gidan Alhaji, na durƙusa, abin da ban saba ba. Na san yana da ragowar tubalin da ya gina ɗakin ajiyar tattasai da shi. Ba zai yi ɗaki ba, amma zai yi ginshiƙi biyu. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ni tsohon nan na ba tubalin. Abin da ya yi da su, tsakaninsa da Allahnsa." Daga nan na wuce wurin Fasto na ce a tsayar da ginshiƙai a fili a rataya ƙyaure. Ya ce, "Madam, ƙofa ba bango? Garin nan zai yi mana dariya har a can garin Gueskérou." Na ce, "Fasto, kogi ma ya yi mana, ba mu mutu ba." Ya dafe kai ya ce in je in yi abin da nake so, da ma ba na jin magana.

Da rana tsaka aka yi aikin, kowa na gani. Masu wucewa da jakuna suna tsayawa, mata masu tallan kifi suna tambaya, muna ba su amsa. Sai da aka jira ginin ya sha iska ya kama, ni kuwa ina zirga-zirga tsakanin asibiti da fili kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Kowace safiya ina ɗiga magani, amma na daina ɗaga yatsu, don tsoron amsar.

Lahadin da ke gaban Kirsimeti aka ɗauko ƙyauren. Ya shiga tsakanin ginshiƙan daidai, ba a rage ko ɓawo ba. Ga shi tsaye a tsakiyar yashi, ba bango, ba rufi, bayansa sararin Allah. Na riƙo hannun Baba, na tsayar da shi a gaba, na juya shi yadda rana za ta haska katakon. Na ce, "Baba, ga shi nan." Ya buɗe ido sosai, ya juya kai dama, ya juya hagu, ya matsa, ya ja baya. Na ce, "Kana gani?" Ya ce, "Fari nake gani, ɗiyata. Kamar hayaƙi."

Na fashe da kuka a gaban sojoji da kowa. Haushi nake ji, na kogi, na kaina, har na Ubangiji, na kuma faɗa da bakina. Na ce mutum ya roƙi abu ɗaya tak, a hana shi? Baba ya matse hannuna ya ce in yi shiru in ji. Ya ce ranar da aka gama haikali aka keɓe shi, ɗaukakar Ubangiji ta sauko, girgije ya cika gidan, har firistoci suka kasa tsayawa aiki. "Duk zinariyar nan, duk dabinon da aka sassaƙa shekara da shekaru, a ranar ba wanda ya gan su. Mai gida ya shigo, aikin hannu ya ɓuya. Kin ji an ce maginan sun yi fushi?" Ni na san shi, abin ya yi masa ciwo. Amma bai janye maganar ba.

Ya miƙa hannu ya lalubo ƙyauren, ya tura, ya buɗe ba ƙara, ya maido shi. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "To ke mai ido, faɗa mini. Yaya yake a tsaye?"

Na ɗaga kai na dubi ƙyauren. Watanni ƙyauren nan na tsakar gidana, ina tsallake shi safe da yamma, na yi faɗa da rabin Diffa a kansa, amma ban san dabino nawa ne a jiki ba, ban san cewa furannin da ya zagaye su da su na tattasai ne ba, 'yan ƙanana, irin na gonar Alhaji. Baba na tsaye yana jira, fuskarsa a ɗage. Na share ido da bakin mayafi, na tsaya wuri ɗaya, na fara gaya masa daga sama, daga ganyen dabinon da ke hagu.