Alhaji Bawah: Ba a Duba Filin Bakin Teku a Janairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 2 ga Zulhijja 1446, daidai da 29 ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran Alhaji Bawah Jamaldeen a wani asibiti a nan Doha, bayan jinyar kwana biyu kacal. Yana da shekara sittin da huɗu, ashirin da bakwai daga ciki a Katar ya yi su. Bayan La'asar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Misaimir. Ya bar matarsa Hajiya Adjara da 'ya'ya uku, Shamsudeen da Nusrat da Nasira.

Baba, ni ne Ghali, ɗan Gusau ɗin nan da kake kira Dokta tun kafin in fara digirin. Wasu za su rubuta a kan sallarka da zumuncinka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni zan rubuta a kan abin da na fi saninka da shi, wato taurin kanka game da ƙasar bakin teku. Kowa a unguwarmu ta Mansura ya san ka bar duniya akwai tsama tsakaninka da wata 'yar'uwarmu Sanatu saboda wani fili, filin da take son zuba guminta na shekara goma sha shida a cikinsa. Na ji ana ta ƙus-ƙus a kan maganar har a wurin makoki. Gara a faɗe ta a sarari, domin babu abin kunya a cikinta ta ɓangarenka.

Amma kafin nan, sai wanda bai san ka ba ya san ko kai wane ne. A Zangon Sekondi aka haife ka, inda ƙarar igiyar ruwa ke shiga har cikin masallaci. Ka zo Doha kana mai riƙe wa safiyo sandar awo, ka taka gaɓar ƙasar nan da ƙafarka daga tudun rairayin Silayin a kudu har Fuwairit a arewa. Da gwiwa ta fara ƙorafi ka koma wani ofishin dillancin gidaje, kana nuna wa mutane gidajen shaƙatawa na bakin ruwa. Ba ka da takardar jami'a ko ɗaya. Ni kuwa na zo a 2019 da takardu cike da jaka don in karanci yanayin gaɓar teku, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Bakolori girma ba.

A wata Juma'a cikin watan Maris ka fara koya mini darasi. Na roƙe ka ka raka ni arewacin Alkhor in ɗebo samfurin ƙasa. Muka isa wani fili fari fat, shimfiɗaɗɗe kamar an share shi da tsintsiya, taswirar tauraron ɗan'adam da ke hannuna kuma ta nuna busasshiyar ƙasa. Ka ce mu ajiye mota mu taka. Na ce taswira ba ta ƙarya. Ka fita abinka, ka tsaya a gefe ka harɗe hannu. Ban yi tafiyar mita talatin ba tayoyi huɗu suka nutse har gindi. Ashe sabka ce, wato fadamar gishiri, wadda samanta ke bushewa kamar ɓawon burodi, ƙasanta kuwa laka zalla. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka durƙusa ka tona rami da hannunka, kafin ka kai gwiwar hannu ruwa ya fara tsatsowa, ka lakato ka miƙo mini ka ce, "Dokta, ɗanɗana. Wannan ba ya cikin kwamfuta." Sai da muka yi awa uku kafin wani mai raƙuma ya zo da motarsa ya ja mu, kuma ka shekara biyar kana ba da labarin a duk taron suna.

Daga ranar na zama ɗalibinka. A wurinka na koyi cewa mai neman gida kusa da teku ba falo yake fara dubawa ba. Bayan na'urar sanyaya ɗaki kake zagawa ka ga yadda tsatsa ta ci ta, ka taɓa ƙarfen ƙofa, ka sauka wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa ka shafa bango ko farin gishiri zai biyo tafin hannunka. Kana duba wace kusurwa ce ke fuskantar shamal, iskar arewa maso yamma da ke tara rairayi a bakin ƙofa. Kuma dokarka guda ce, ba ka taɓa sassauta ta ba: ba a yanke shawara a kan gidan bakin ruwa a lokacin da yanayi ke da daɗi. A Janairu Doha takan yi wa kowa murmushi, iska mai sanyi, ruwa shuɗi. Kai sai ka ce wa mai saye ya dawo a Agusta da tsakar rana, lokacin da damshi ke sa gilashin ido ya yi hazo da zarar mutum ya fito daga mota. In ya ga gidan a ranar kuma yana sonsa, to nasa ne.

Wannan hali bai sa ka yi arziki ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya sa ba. Akwai shekarar da ka gaya wa wasu ma'aurata cewa gidan da suke ɗoki rabin shekara a buɗe yake ga iska, suka fasa. Manajanku ya ɗauke ka daga gidajen bakin ruwa ya mayar da kai kan hayar tsofaffin ɗakunan unguwar Asmak har wata goma sha huɗu. Ma'auratan ba su dawo sun gode maka ba, ban ma tsammanin sun san abin da ya same ka. Na zo ina huci a madadinka, ka yi dariya ka ce ai ka huta da kunar rana. A wannan zaman na Asmak ne ka sama wa 'yan'uwanmu da yawa ɗakin da ba ya yoyo. Kuma ko a lokacin ba ka fasa al'adarka ta hunturu ba, ta cika mota da ma'aikatan da suka shekara a Doha ba su taɓa sa ƙafa a ruwa ba, ka kai su gaɓar Simaisima su wuni.

Sanatu na cikin waɗanda ka taɓa kaiwa. 'Yar ƙasarku ce, 'yar Zangon Kumasi, mai dafa abinci a wata makaranta, mace mai zafin nama da zafin harshe, wadda ta yanke shawarar komawa gida a ƙarshen shekarar nan. Ita ma kamar ni ce, 'yar tudu, ta ga teku da girmanta kuma ta kamu da sonta. A watan Maris na bana wani dillali ya turo mata bidiyon wani fili a yamma da Takoradi, maƙwabciyar garinku Sekondi, a yankin da baƙi ke zuwa shan iska. Na ga bidiyon. Farin rairayi, itatuwan kwakwa, ruwa a kwance lumui. Ta riga ta gina ɗakunan baƙi shida a zuciyarta, har da inda za ta kafa murhu.

Ta kawo maka takardun, kamar yadda kowa ke yi. Ka karanta su kalma-kalma ka ce takarda ba ta da aibi. Sannan ka tambayi watan da aka ɗauki bidiyon, aka ce Janairu. Ka sa aka dakatar da hoton a wata kusurwa, ka nuna mata wata kwakwa da ta karkata, saiwoyinta a waje. Ka ce a gaɓar can sai damina ta kankama, a Yuni da Yuli, teku ke nuna iyakarta ta gaskiya, kuma masunta ne kaɗai suka san inda suke janye kwalekwalensu a lokacin. Ka ce ta jira, za ka ɗauki hutunka a Yuni ka je ka gano mata da idonka. Dillalin kuwa ya ce akwai wani Bature da ke layi, in ba ta sa hannu ba zuwa Larabar ƙarshe ta Mayu, ya sayar.

A wani taron suna a Mansura, farkon Afrilu, abin ya fashe. A gaban jama'a ta ce, "Alaji, kai ka gama gina naka a Sekondi, shi ya sa kake cewa in jira. In filin ya tafi, kai za ka ba ni wani?"  Ka sunkuyar da kai ka ce, "Sanatu, ban ce filin ya ɓaci ba. Na ce ba mu gan shi ba tukuna." Ta ɗauki mayafinta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara gaishe ka ba, ko a jirgin ƙasa kuka haɗu sai ta sauya tarago.

Dole in faɗi nawa laifin. Ni ma na ba ka shawara ka sassauta. Na ce guminta ne, ba yarinya ba ce, ka sa mata albarka a wuce wurin. Har na binciko hotunan sama na shekara goma, ban ga abin da ya tabbatar da komai ba, na kawo maka a matsayin hujja. Ka dube ni irin kallon ranar sabka. Ka ce, "Dokta, maganar nan ta yi mini zafi, wallahi ba na barci da kyau. Amma in na ce ta sa hannu don ta dawo tana gaishe ni, na sayar da ita ke nan da gaisuwa."  Wannan ce doguwar hirarmu ta ƙarshe.

Ranar addu'ar uku ina zaune da maza a falo aka ce ana kirana daga ciki. Na tarar da Sanatu a durƙushe a gaban Hajiya Adjara, idanunta sun kumbura. Na zaci ta zo ne ta ce aikin gama ya gama, ta riga ta sa hannu. Ta ce, "Malam Ghali, ban sa hannu ba. Ranar Laraba mutumin ya kira ni sau shida, ban ɗauka ba. Na ce sai Juma'a in dafa wake da shinkafa in kawo wa Alaji, in ce masa halas, rigima ta ƙare, na ji maganarka. Ban ma san yana asibiti ba." Ta bar wa'adin ya wuce a kan maganarka kaɗai, ba tare da hoto ko shaida ba, kwana ɗaya kafin ka cika. Abin da ke cin ta shi ne ka tafi kana ganin ta raina ka, kuma babu sauran damar neman gafara.

 Hajiya Adjara ta tashi ta buɗe durowa, ta ɗauko wata takarda a ninke ta sa mata a hannu. Tikitin jirgi ne daga Doha zuwa Akara, babban birnin ƙasarku, na ranar 20 ga Yuni, da sunanka. Sanatu ba ta iya karanta ƙananan rubutun ba saboda hawaye, ta miƙo mini. Ranar da aka yanke shi tana jiki: 9 ga Afrilu, kwana huɗu bayan taron sunan. Hajiya ta ce ita kanta ta yi maka ƙorafi, ta ce ina amfanin wahala a kan wadda ba ta gaishe ka. Ka ce mata fushi daban, fili daban.

Ban san ko filin yana nan ba, ban kuma san ko teku na hawa kansa ba. Ba wanda ya sani sai an je. Sanatu ta nemi hutu, za ta tafi da kanta a ƙarshen Yuni, ƙaninka Mumin da ke gyaran injin kwalekwale a Sekondi zai raka ta wurin masunta. In wannan ya kuɓuce, za ta nemi wani, kuma na tabbata ba za ta sake sayen ƙasa daga bidiyo ba. Haka ma sauranmu. Ba na jin tsoron abin da ka koya mana zai bi ka kabari, domin ka koyar da shi ga mutanen da suka sha wuya kafin su yarda, kuma irin wannan karatu ba ya zubewa.

Ina kewarka, Baba, kewa mai tsanani. Ina rubuta babin ƙarshe na bincikena, kullum sai in kai hannu ga waya don in tambaye ka wani abu.

Ya Allah, ga bawanKa Bawah ɗan Jamaldeen ya zo gare Ka a cikin kwanaki goma masu alfarma. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya. Yadda ya ƙi rufe wa bayinKa aibin gida don abin duniya, Ka rufe masa nasa aibin ranar da asirai ke tonuwa, Ka ba shi gida a Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Adjara, Allah Ya ba ki haƙuri da juriyar takaba. Shamsudeen da Nusrat da Nasira, Allah Ya albarkaci bayansa ta hanyarku. Ga Mumin da dangi na Sekondi, da jama'ar Zango da 'yan Najeriya mazauna Doha, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Sanatu, ki share hawayenki ki yi masa addu'a da zuciya sakakkiya. Gafarar da kika zo nema ranar addu'ar uku, an riga an yi miki ita tun 9 ga Afrilu.