Na Kai Sha Bakwai Da Muryar Yara

Shekarun baya, muna Kafanchan, ni ne saurayin da ya ƙi girma. Na kai sha bakwai ba ko gashin baki, murya siririya kamar ta ɗan firamare. Sa'o'ina duk sun koma layin maza a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ni ina gaba cikin 'yan mata. Ina nuna kamar abin na damuna, amma in na ja waƙa tsofaffi suka rangaɗa guɗa, kaina har kumbura yake. Mahaifiyata takan ce, "Ku bar shi, danginmu ba sa saurin girma." Ciwon kan da nake yawan yi kuwa, an ɗora wa karatu.

Abokina ne ya tono abin. Musulmi ne, babansa na sayar da citta a kasuwa. Lokacin garin bai gama hucewa daga rikicin addini ba, ko gaisuwa ana lura da ita. Wata rana ya tare ni wajen tashar jirgi, ransa a ɓace.

"An hana ka kula mu ne? Kullum ina ɗaga maka hannu daga shago, kana wucewa."

Na rantse ban gan shi ba. Sai ya koma gefena ya ce, "Yatsa nawa na ɗaga?" Sai da na juyo da kaina gaba ɗaya na ga hannun. Ya ja ni har gidanmu, ya ce, "Mama, idonsa ba lafiya."

Daga asibitin gari aka tura mu Jos, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kaina. Likita ya ce wani ɗan ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, ba cutar daji ba ce, amma yana sa jikina fitar da sinadarin furolaktin da yawa, wanda ke kawo wa mai jego nono. Shi ya tsayar da balagata, ƙarin kuma ya danne jijiyar ido.

Na ce, "Likita, to shayarwa zan fara?" Mama ta make ni, tana hawaye tana dariya.

Ƙwayoyin da aka ba ni sun sa ni jiri da tashin zuciya, amma gani ya dawo. Bayan wasu watanni na yi sallama daga ƙofa, muryata ta fito da kauri, Mama ta ce daga ciki, "Maigidan ba ya nan, wa za a ce?" Da ta leƙo ta ga ni ne, sai ta zauna a dakali ta rufe fuska da zani.

Har yau in na ga yaro ya makara girma, nakan roƙi iyayensa su kai shi a duba. Na gode wa Allah da lafiya, amma ina kewar waccan muryar. Ba mu da rikoda a lokacin, Mama kuma ta rasu. In na ba 'ya'yana labari, dariya suke, su ce Baba ya fara.